Dutsen Ƙarshe: Lacca a Kan Rayuwar Wasan Eve Muirhead

 

Na san da aka kafa sanarwar wannan lacca wasu sun yi dariya. Ga ƙwallon ƙafa, ga dambe, ga kokawa, sai mutum ya tsallake su duka ya tara jama'a a kan wasan da ake yi bisa ƙanƙara, da dutse da tsintsiya, kuma jarumar labarin mace ce 'yar Sikotilan. Dariyar ba ta yi mini ciwo ba, domin ni ma ranar da na fara ganin wasan a talabijin abin da na yi ke nan. Mata biyu sun duƙa suna ta shara kamar za su huda ƙasa, ta uku tana nesa tana kwarara musu ihu, dutse kuma yana tafiyarsa a hankali kamar ba shi ake yi wa ba. Sai da na zauna na kalli wasa guda daga farko har ƙarshe na gane cewa da wuya a sami wasan da ke ɗora wa mutum ɗaya nauyi a bainar jama'a irin wannan. Wannan nauyin ne ya kawo ni nan yau.

Turawa suna kiran wasan curling. Mu ce masa kalin, yadda baki zai ɗauka. Asalinsa Sikotilan ne, inda mutanen karkara ke yin sa a kan tafkunan da sanyin hunturu ya daskarar. A garin Stirling akwai wani tsohon dutsen wasa da aka sassaƙa masa shekarar 1511. Ƙungiyar da ta tsara dokokinsa an kafa ta a 1838. 'Yan ƙaura ne suka kai shi Kanada, inda a yau ya fi ko'ina yawan 'yan wasa. Mata ba su sami gasar duniya tasu ba sai 1979, a birnin Perth, kuma sai a 1998 a Nagano ta Japan suka fara cin lambar Olamfik ta sosai a wannan wasa.

Filin doguwar shimfiɗar ƙanƙara ce mai tsawon kusan mita 45. A kowane ƙarshe an zana da'irori ciki da ciki, ana ce musu gida, tsakiyarsu kuma ita ce cibiya. Ƙungiya mutum huɗu ce. Kowane ɗan wasa yana tura duwatsu biyu, ana karɓa-karɓa da abokan hamayya, har a cika goma sha shida. Wannan shi ne zubi ɗaya, kuma a manyan gasa zubi goma ake yi. In an gama zubi, ƙungiyar da dutsenta ya fi kusa da cibiya ita kaɗai ke samun maki, kuma ana ƙirga mata duk dutsenta da ya fi mafi kyawun dutsen abokan hamayya kusa. Dutsen nauyinsa ya kusa kilo 20, yana da mariƙi a sama. Waɗanda ake amfani da su a Olamfik daga wani ƙaramin tsibiri ake fasa su, Ailsa Craig, a gaɓar yammacin Sikotilan, kuma kamfanin Kays ne ke sassaƙa su. In mai turawa zai saki dutse yakan ɗan murɗa mariƙin, sai dutsen ya tafi yana juyawa, yana karkata dama ko hagu. Daga wannan karkatar sunan wasan ya fito. Sharar kuwa ba tsafta ba ce. Kafin wasa ana yayyafa ruwa a filin ya daskare ƙuraje-ƙuraje. Buroshi yana ɗan ɗumama su, sai dutse ya ƙara nisa, karkatarsa ta ragu. Shi ya sa ake ihun: a share, ko a ɗaga.

Mai ihun ita ce jagora. Ita ke tsayawa a gida ta nuna inda za a auna, ita ke tsara dabarar wasan gaba ɗaya kamar mai buga dara, sannan a mafi yawan ƙungiyoyi ita ke tura duwatsu biyun ƙarshe. Ƙungiyar da ke da dutsen ƙarshe na zubi kuwa ana cewa tana riƙe da guduma. Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

An haifi Eve Muirhead ranar 22 ga Afrilu, 1990, a Perth, ta tashi a ƙauyen Blair Atholl. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinta Gordon Muirhead ɗan wasan kalin ne da ya wakilci Birtaniya a Albertville a 1992, lokacin ana nuna wasan ne kawai ba a ƙirga lambarsa, kuma yana cikin tawagar Sikotilan da ta ci gasar duniya a 1999. 'Yan uwanta maza, Glen da Thomas, su ma sun je Olamfik a 2018. Ita kanta ba kalin kaɗai ta iya ba. Ta ƙware a wasan golf har jami'o'in Amurka suka yi mata tayin gurbin karatu, kuma gwana ce wajen busa algaitar nan ta Sikotilan mai jaka. Ta ajiye golf ta zaɓi ƙanƙara. In da kuɗi ta bi, da ba haka ta zaɓa ba, domin kalin ba wasan da ke azurta mutum ba ne. Yawancin zakarunsa suna da wata sana'ar. Jennifer Jones ta Kanada, wadda za mu haɗu da ita nan gaba kaɗan, lauya ce.

Farkon lamarinta kamar ruwa a gangare. Ta ci gasar matasa ta duniya sau huɗu, a 2007 da 2008 da 2009 da 2011. Tana da shekara 19 aka ba ta jagorancin ƙungiyar matan Birtaniya a Olamfik ta Vancouver a 2010, tana ba da umarni ga matan da wasu sun ba ta shekaru masu yawa. Ba a yi abin kirki ba: an ci wasa uku, an faɗi shida, aka dawo gida a mataki na bakwai. Amma bayan 'yan makonni ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Kanada, inda Andrea Schöpp ta Jamus ta doke ta. A 2011 ta ci gasar Turai a Mosko. Sannan a watan Maris na 2013, a birnin Riga na Latbiya, ita da Anna Sloan da Vicki Adams da Claire Hamilton suka doke Suwidin da ci 6 da 5 suka zama zakarun duniya. Shekarunta 22, kuma babu jagorar da ta taɓa ɗaukar wannan kofi da ƙananan shekaru haka.

A nan zan ɗan tsaya, domin a ganina matsalar da ta bi ta shekara tara daga nan ta samo asali. Wanda ya yi nasara da wuri, jama'a sukan rubuta masa sauran labarinsa tun bai rayu ba. A Birtaniya akwai ma'aunin da ake gwada kowace jagora da shi, wato Rhona Martin, wadda a 2002 a Salt Lake City ta ci zinare da dutsen ƙarshe, miliyoyin mutane suka ƙi barci suna kallo har bayan tsakar dare. Eve tana da shekara 11 a lokacin. Daga ranar da ta ci Riga, tambayar 'yan jarida ta daina zama ko za ta gaji Rhona, ta koma yaushe. Ga kuma kuɗin gwamnati: a Birtaniya ana tallafa wa 'yan wasan Olamfik daga asusun cacar ƙasa, kuma tallafin yana bin lambobin da aka ciyo. Kowane dutse da ta tura, albashin wasu da makomar shirin horarwa suna rataye a jikinsa.

Sai Sochi ta Rasha, 2014. A zagayen farko suka zuba wa Amurka maki bakwai a zubi ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a Olamfik. A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da Jennifer Jones. Tun a zubin farko wani ɗan datti da ke kan ƙanƙara ya shiga ƙarƙashin dutsen Eve ya kautar da shi daga hanya. Haka wasan yake: gashin buroshi guda yana iya ɓata aikin shekara huɗu. Kanada ta ci 6 da 4, ta wuce ta ɗauki zinare ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba a duk gasar. Washegari Eve ta share hawaye ta fito ta doke Mirjam Ott ta Suwizalan 6 da 5, da dutsen ƙarshe ta ajiye a gida. Tagulla. Tana da shekara 23, kowa ya ce zinare na nan tafe.

Yanzu mu zo inda nake so mu daɗe, Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, 2018. Ta je da ƙarfinta: tagulla a gasar duniya ta 2017, zinare a gasar Turai ta ƙarshen wannan shekara. Amma gasar ta zo mata da gardama. A zagayen farko, a wasansu da Suwidin da ya kai ga ƙarin zubi, ta tura dutsenta na ƙarshe sai jar fitila ta kama a mariƙin. Akwai wani layi da doka ta ce lallai hannu ya rabu da dutse kafin a kai shi, kuma a cikin mariƙin akwai na'urar da ke gane haka. Na'ura ta ce ba ta saki da wuri ba. Aka cire dutsen, aka faɗi wasan. Suwidin ɗin, ƙarƙashin Anna Hasselborg, ta sake doke su 10 da 5 a kusa da na ƙarshe. Saura neman tagulla da Japan, wadda Satsuki Fujisawa ke jagoranta.

Ga yadda al'amarin ya tsaya. Zubi na goma, Japan na gaba da 4 da 3, guduma tana hannun Eve. Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta nemi maki ɗaya a yi kunnen doki a tafi ƙarin zubi, amma a can guduma za ta koma hannun Japan, domin wanda ya ci maki shi ke rasa ta. Ko kuma ta buga mai wuya, ta nemi maki biyu wasa ya ƙare nan take. Ta zaɓi ta biyu. Dutsen ya kauce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya bugi inda ba a so, ya tura dutsen Japan zuwa cibiya. Japan ta ci 5 da 3, lambarta ta farko a tarihi a wannan wasa. Da hannunta Eve ta ba su.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan zaɓi, kuma tun da kun ba ni lasifika zan faɗi nawa. Ban ga laifin lissafinta ba. Shiga ƙarin zubi ba tare da guduma ba, a gaban ƙungiyar da ta kai wannan matsayi, ba tsira ba ce, jinkirta hukunci ne kawai. Mai guduma shi ya fi yawan ci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wasan yake raba aiki. Mutum huɗu ne suka kawo wasa inda yake: ta farko wataƙila ta ajiye dutsenta ba daidai ba tun minti goma da suka wuce, masu shara wataƙila sun makara da daƙiƙa ɗaya. Amma a hoton da duniya za ta riƙe, mace ɗaya ce durƙushe a kan ƙanƙara tana bin dutse da ido. Ɗan ƙwallon da ya zubar da fanareti aƙalla a guje ya zo, abin ya wuce cikin ƙiftawar ido. Ita kuwa dutsenta yana ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya isa, tana gani, zauren ya yi tsit, kuma sau da yawa tun daga tsakiyar fili ta san ya kauce.

Bayan Koriya aka yi mata aiki a ƙugu. Yadda ake tura dutse, ana zamewa ne a duƙe, ƙafa ɗaya lanƙwashe a gaba tana ɗauke da nauyin jiki, ɗaya miƙe a baya. Wanda ya yi haka dubban sau tun yana yaro, gaɓoɓinsa za su kawo masa takardar bashi. Ta warke ta dawo, 'yan wasan da ke tare da ita suka sauya, annobar korona ta dakatar da komai. A nan ne ɗaya daga cikin sabbin abokan wasanta, Vicky Wright, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta koma asibiti tana aiki a ɗakin masu cutar.

A gasar duniya ta 2021 a Calgary, ƙasashe shida na sama ne za su wuce Olamfik kai tsaye. Sikotilan ta zo ta takwas. Ga mai shekara 31 da ta riga ta je Olamfik sau uku, wannan kamar an nuna mata ƙofa ne. Abin da hukumar kalin ta Birtaniya ta yi a lokacin shi ne, a wurina, mabuɗin labarin gaba ɗaya. Al'adar wasan ita ce jagora ta tara mutanenta, ƙungiyar ma da sunanta ake kiran ta. Hukumar ta rushe wannan. Ta tara mata tara a cibiyar horarwa ta Stirling, ta ce babu wadda ke da kujera, za a riƙa cakuɗa su ana gwadawa a gasa daban-daban, a auna kowace, a fitar da biyar. Wato matar da ƙungiyar ƙasa ke amsa sunanta fiye da shekara goma sai ta sake neman gurbinta tare da yaran da suka taso suna kallon ta a talabijin.

Ku auna abin a ranku, ku da kuka san sarauta da girma. Da yawa a irin matsayinta da sun yi fushi sun ajiye, kuma ba wanda zai zarge su. Ta zauna aka gwada ta. Da aka tace, sai ga Eve a jagora, Vicky Wright ta uku, Jennifer Dodds ta biyu, Hailey Duff ta farko, Mili Smith a benci. Hailey ba ta taɓa buga babbar gasar manya ba kafin wannan kaka. A watan Nuwamba suka ci gasar Turai a Lillehammer ta Norwe. A Disamba suka je Leeuwarden ta Holan, gasar raɓa ta waɗanda suka rasa tikiti, suka zo na ɗaya. Ina ganin abin da gwajin ya yi mata shi ne ya sauke mata wani kaya: ƙungiyar ta daina zama dukiyarta da za ta kare, ta zama wurin aiki da kowace ta shigo da guminta. Wannan fahimtata ce, ba dole ku yarda ba.

Kada kuma in yaudare ku da cewa daga nan komai ya miƙe. A Beijin, Fabrairun 2022, a ginin da aka yi gasar ninƙaya ta 2008 aka daskarar da shi, sun ci wasa biyar sun faɗi huɗu a zagayen farko. Suwizalan da Suwidin sun wuce abinsu. Saura gurbi biyu, ƙasashe uku kuma sun yi kunnen doki: Birtaniya da Japan da Kanada. Da me aka raba? Kafin kowane wasa ƙungiyoyi sukan tura duwatsun gwaji zuwa cibiya don a san wa zai fara riƙe guduma, ana auna tazarar da santimita ana rubutawa. Matsakaicin waɗannan awon, na duwatsun da 'yan kallo ba su ma gama zama ba ake tura su, shi ya shigar da Birtaniya da Japan, ya fitar da Jennifer Jones. Wanda ya ce babu rabo a cikin wasa, ya zo ya yi mini bayanin wannan.

Wasan kusa da na ƙarshe, Suwidin kuma, Anna Hasselborg kuma, wadda ta fitar da ita a 2018 ta je ta ɗauki zinare. Zubin farko Suwidin ta zuba huɗu. A wannan mataki, a ba ka huɗu da nema tun farko kusan an gama da kai ne. Birtaniya ta rama uku a zubi na biyu. Aka yi ta ja-in-ja, har a zubi na tara Eve ta ciro maki huɗu, ta wuce gaba 11 da 8. Aka ce an gama. Hasselborg ta ciro uku a na goma, 11 da 11. Ƙarin zubi, guduma a hannun Birtaniya, aka tashi 12 da 11. In akwai wasa ɗaya da zan ce mutum ya nema ya kalla don ya gane abin da nake ta faɗa, wannan ne.

Ranar 20 ga Fabrairu, ranar rufe gasar, wa ke jiran ta a wasan ƙarshe? Satsuki Fujisawa. Matar da Eve ta ba tagulla da hannunta shekara huɗu da suka wuce. Masu son labari sun so a ce an kai zubi na goma, guduma a hannun Eve, a maimaita wancan dutse a gyara shi. Hakan bai faru ba, kuma ni na fi son yadda ya faru. Suka ɗauki biyu a zubin farko, suka riƙe wasan a hannu, a zubi na bakwai Eve ta fitar da dutsen Japan daga gida suka kwashi huɗu, ya zama 8 da 2. Bayan zubi na tara, ana 10 da 3, 'yan Japan suka miƙa hannu. A kalin haka ake yi: in ka ga ba mafita, kai da kanka za ka je ka gaisa ka amince, kamar yadda in tsintsiyarka ta taɓi dutse kai ne za ka faɗa ko alƙali bai gani ba. Dutsen ƙarshen da ta shekara huɗu tana ɗauke da shi, ba a ma kai ga tura shi ba.

Shekara ashirin ke nan cif bayan Rhona Martin, kuma shi ne zinare ɗaya tilo da Birtaniya ta samu a Beijin. Ɗaya lambar ma, azurfa, ƙungiyar maza ta kalin ce ta Bruce Mouat ta kawo. Bayan wata biyu Eve ta je Janeba ta ci gasar duniya ta mace da namiji tare da Bobby Lammie. A watan Agusta na 2022, tana da shekara 32, ta sanar da ta daina.

Wani zai tambaya, kuma na ga hannu ya fara motsi a baya can, ko wannan wasa ya taɓa shafar mu. Ya shafa, kaɗan. A 2018 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga hukumar kalin ta duniya, kuma a Janairun 2024 matasan Nijeriya, waɗanda yawancin atisayensu a kan daɓe suka yi shi ba ƙanƙara ba, sun buga kalin a Olamfik ta matasa a lardin Gangwon na Koriya ta Kudu. A wannan gasa, shugabar tawagar Birtaniya gaba ɗaya ita ce Eve Muirhead, ta dawo birnin Gangneung, inda dutsen nan ya kauce mata a Olamfik ta 2018, wannan karon ba tsintsiya a hannunta.

Shugaban taro yana nuna mini agogo.  Mai tambaya a baya can, Bismillah.